Jawabi ga iyaye: riƙon yara da ziyara bayan rabuwar aure

Iyayena maza da mata, malamai, shugabannin unguwanni, barkanmu da wannan zama. Jami'ar kariya ta ɗora mini in isar muku da saƙo kan maganar da ke yawan zuwa ofishinmu, wato rigimar yara bayan aure ya mutu.

Tun 2019 da 'yan bindiga suka koro jama'a daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, gidaje da yawa sun sake fasali. Wata ta sake aure, ta tare da agola. Wani ya saki matarsa, yara suna hannun matar uba. Wata uwar tana Garin Kaka, uban yana Cadakori, ko ya koma Sabon Birni. Kowa yana cewa ɗana ne, kuma kowa yana da gaskiyarsa. Amma wanda ake ja a tsakiya shi ne bai yi laifin komai ba.

Malamanmu suna nan, su ne shaida. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa. Ci da sutura kuwa suna kan uba, ko a hannun wa yaron yake. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar da Najeriya suka amince da ita, ta ce yaro yana da haƙƙin ganin iyayensa duka biyu, sai idan hakan zai cutar da shi. Ta kuma ce a saurari bakinsa gwargwadon hankalinsa.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu.

Na farko, ku tsayar da maganar ziyara a gaban shaidu, liman ko shugaban unguwa: wace rana, wa zai kai yaron, wa zai dawo da shi. Idan haɗuwarku na jawo faɗa, kaka ko gwaggo ta riƙa kai shi.

Na biyu, kada a ɗauke yaro a ɓoye, daga makaranta ko bakin famfo, balle a tsallaka iyaka da shi. Hanyar da kuka gudo ta cikinta ba ta zama lafiya ba. Idan yaro ya ɓata a can, nemo shi sai ikon Allah.

Na uku, yaro ba katin abinci ba ne. Idan ya koma wani gida, ku zo tare wurin rajista a gyara takardu, rabonsa ya bi shi. Riƙe yaro don ƙarin mudu zalunci ne, haka ma hana shi ganin uwarsa don a huce haushi.

Na huɗu, ya ku mazan uwa da matan uba, agola amana ne. Kada ya zama shi kaɗai ke ɗibar ruwa da itace 'yan uwansa suna makaranta. Yarinyar da ta fara girma a ware mata makwanci tare da mata.

Akwai lokacin da ziyara ke tsayawa. Idan yaro ya dawo da tabon duka, ko ya koma fitsarin kwance, ko yana kuka duk ranar da aka ce ya je wani gida, kada a ce shagwaɓa ce. Ku tambaye shi a hankali, ba a gaban mutane ba. Idan ana zargin an taɓa yarinya ko yaro, a kai asibiti nan take, kada a wuce kwana uku, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Sannan ku zo ofishin kariya. Ba a biyan ko dala, kuma sirrinku ba zai fita ba. Irin wannan ba a kashe shi da sulhu a zaure.

Ɗa na kowa ne. Maƙwabcin da ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya zo ya faɗa mana. Allah ya shirya mana zuri'a, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.