Jawabi kan gubar dalma, ga masu zuwa biɗar zinariya

Dattawa da 'yan'uwa mutanen Dakoro. Tun da zinariya ta fito a Jado a 2014, samarinmu ba su zama gida. To, ku saurara.

A 2010, can Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, mutane sun riƙa kai dutsen zinariya cikin gida suna dakawa a turmi. Ashe akwai dalma a ciki. Agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara suka shiga amai da jijjiga. Fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira ma, ta taɓa ma wasu ƙwaƙwalwa.

Ƙurar ce yaro ke haɗiyewa, ta hannu da abinci. Don Allah, kada dutsen ya shigo gida. Tufafin aiki kuma a wanke su can, nesa da rijiya.