Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa



Ni dai ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Rasuwar kawuna ce ta sa na zaɓi wannan magana. Wani baƙin tabo ne ya fito masa a tafin ƙafa, muka ɗauka tawadar Allah ce. Da ya fara faɗi aka kira wanzami. Ba mu kai shi asibiti ba sai da abin ya zama gyambo. Likita ya ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta bazu.

Da yawanmu mun ɗauka wannan ciwo na Turawa ne da zabiya kawai. Lalle sun fi kamuwa, amma mu ma ba mu tsira ba. A wurinmu ya fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a farcen yatsan ƙafa aka gano nasa a 1977, ya kuwa rasu a 1981 yana da shekara 36.

To, akwai wata na'ura kamar tocila wadda likitocin fata ke duba tabo da ita. Likitocin birnin Munich na Jamus ne suka fito da ta hannu a 1989. Gilashinta na ƙara girman abu sau 10. Likita zai ɗiga mai a kan tabon don ya kashe ƙyallin fata, sai haske ya ratsa, ya nuna launi da ƙananan jijiyoyin jini waɗanda ido ba ya gani. Ba yanka, ba allura, ba jini.

Ku dubi zanen tafin hannunku, kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, akwai kunya akwai kwari. Haka na ƙafa ma. Likitocin Japan sun gano cewa idan baƙin ya kwanta cikin kwari, galibi tawada ce, idan kuwa ya hau kan kunya, to akwai abin tsoro. Nan ne likita zai yanki fatar wurin a kai ɗakin gwaji, domin can ake yanke hukunci.

Roƙona gare ku, in kun zo wanke ƙafa wajen alwala ko wanka, ku duba tafinta, ku duba na tsofaffinku. Tabon da ke faɗi, ko canza launi, ko zubar da jini, a kai wa likitan fata tun bai zama gyambo ba.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.