YADDA NA BUƊE SHAGO A INTANET, NA KUMA RASA MAKULLINSA: Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya

 

Da Sakatare ya aiko cewa ni zan yi magana a kan gina shafin intanet, sai da na yi dariya. Kun dai san ni, ni ne wanda malamin lissafi ya sha tsayarwa a bayan aji. Yau atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari da ke Fagge. To amma tun da ƙungiya tana tara kuɗi don buɗe nata shafin, ya zama dole in ba ku labarin asarar da na yi, kada a maimaita ta da kuɗin jama'a.

Bayan shigowar wayar salula a 2001, abokan cinikina na Maraɗi da Damagaram suka riƙa bugowa suna tambayar sabon zane. To zanen atamfa ba ya kwatantuwa da baki. Saboda haka da wani yaro ya zo a 2012 ya ce zai gina mini shafin da za su ga kaya da idonsu, ban yi gardama ba. Na biya, ya yi aiki mai kyau, na buga adireshin a katuna da ledojin shago. Shekara na zagayowa, wani abokin ciniki ya bugo ya ce shafi ya ɓace. Yaro ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajista, wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba. Katuna da ledoji duk suka tashi a banza. Ranar na yarda zanen aro ba ya rufe katara.

Haushin wannan ya kai ni wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, inda wani matashi ɗan kudu ya yi mini bayani da harshen kasuwa. Ya ce shafi abu uku ne. Na farko suna, wanda yake kamar lambar shago. Ba a sayensa dungum, haya ce da ake sabuntawa. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ana yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na biyu wurin ajiya, wato gurbi a wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Shi ma haya ne. Na uku kayan da ke ciki, wato rubutu da hotuna, waɗanda ake shiryawa da wani tsari mai suna HTML. Wanda ya ƙirƙiro shi, Tim Berners-Lee, mutumin Ingila ne, kuma shafin farko da ya fitar wa duniya a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN rubutu ne zalla, ko hoto babu. Na ce ashe mai abin ma daga ƙasa ya faro.

Darasin farko bai ci mini ko kwabo ba. Na buɗe Notepad, na rubuta sunan shagona tsakanin alamomin h1 masu nuna kanun magana, na rubuta kwatancen shagon tsakanin alamomin p masu nuna sakin layi, na adana da sunan index.html, na buɗe shi da Chrome. Sai ga sunana ɓaro-ɓaro! Washegari na manta rufe alama ɗaya, rubutun duka ya koma manyan haruffa kamar allon talla. Daga baya na jibga hotuna masu nauyi, mutanen Damagaram suka ce shafin yana cinye musu data kafin ya buɗe. Dole na koyi rage nauyin hoto. Da hannu ya faɗa, sai na koma WordPress, manhajar kyauta da ta fito a 2003, wadda ke sauƙaƙa aikin ƙwarai. Amma sanin tushen ne ya hana a sake yi mini rufa-ido.

Saboda haka, ranka ya daɗe Shugaba, ga shawarata ga ƙungiya:

1. A yi rajistar suna da wurin ajiya da sunan ƙungiya da imel ɗinta, ba da sunan mai yin aikin ba, ko da ɗan wani daga cikinmu ne.
2. Kalmar sirri ta zauna a hannun Shugaba da Sakatare da Ma'aji, a miƙa ta tare da littattafai duk ranar da aka sauya shugabanni.
3. A rubuta ranar sabuntawa a littafin taro, a ware kuɗinta a kasafin kowace shekara.
4. A fara da shafi guda: tarihin makaranta, ayyukanmu da ranar taro. A gwada shi a waya, domin a nan yawancinmu za mu duba. Kada a sa lambar kowa sai da izininsa.
5. A ajiye kwafin kome a wuri dabam.

Iyayenmu malamai, kun sha gaya mana gemu ba ya hana ilimi. Sai da furfura ta fara fito mini na gaskata ku. Duk wanda ke son ɗansa ya koya, ya turo mini shi shago ranar Asabar da yamma, zan nuna masa abin da aka nuna mini kyauta.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.