BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Jawabi Kan Saran Maciji, Harbin Kunama da Cizon Kare

Ga jawabin da ɗaya daga cikin magabatan ƙungiyarmu ya yi wa makiyaya da fataken shanu a ƙarshen bazara, kafin garkuna su tashi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ina gaida Rugga da Garso da Lame, da ardo-ardon da suka taho daga nesa. Ina gaida sarkin tike da dillalai da fatake, da iyayenmu mata, da samarin da suka bar shanu hannun ƙannensu don su zo wurin nan.

Jama'a, ni ba lokotoro ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran a bayan shanu na yi shi. Abin da zan faɗa muku yau na koyo shi ne wajen ma'aikatan lafiya da likitocin dabbobi, wani kuma na koye shi da hawaye.

Shekarun baya muna mashekari, ruwan farko ya sauka, ƙanena ya fita da dare babu takalmi domin ya duba maruƙa. Igiyar ƙasa ta taɓa shi a ɗan yatsan ƙafa. Muka yi abin da muka ga iyayenmu suna yi. Muka ɗaure ƙafar da igiya tamau, muka tsaga wurin da aska, muka ɗora baƙin dutse, aka jiƙa saiwa ya sha. Da gari ya waye ya ce ya ji sauƙi, har ya sha fura. Muka ce an tsira. Rana ta biyu sai jini ya fara fita daga dasashinsa, tsagar da muka yi masa kuma ta ƙi tsayawa. Rana ta uku muka ɗora shi a amalanke. Bai kai gidan likita ba. Da na ba lokotoro labari daga baya, abin da ya ce mini shi ne, da mun taso tun daren farko da akwai dabara. Kwana biyun nan da muka zauna, su ne nake so kada wani a cikinku ya sake zamansu.

Macijin da ya sare shi kububuwa ce, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. Ba ta da girma, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba, launinta kamar ƙasa. In ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Shi ya sa mutum yakan yi kwana ɗaya ko biyu kamar lafiya lau, alhali yana zubar da jini ta ciki. Masana sun ce in ba a yi magani ba, cikin mutum 10 da dafinta ya kama, 1 ko 2 sukan mutu. Ban da ita akwai kasa, mai kumbura ƙafa har nama ya ruɓe, da gamsheƙa mai fesa dafi a ido, wadda kan shiga bukka da dare ta sari mai barci a ƙasa.

Wani zai ce, to ai mun ga waɗanda aka yi wa na gida suka tashi. Gaskiya ne, ni ma na gani. Amma ku sani sau da yawa maciji kan yi sara bai zuba dafi ba, wani macijin ma ba shi da dafin kisa. Wannan mutum ko ruwan randa ka ba shi zai tashi, sai a ce magani ya ci. Baƙin dutsen nan kuwa ƙashin saniya ne aka ƙona, an gwada shi an ga ba ya fitar da dafin da ya riga ya shiga jini. Ban zo in ci mutuncin kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne, mai addu'a ya yi addu'arsa a bisa hanya, kada a sauke majinyaci don jiran kowa.

To in abin ya faru, me za a yi?

Na farko, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, kada ya yi gudu. Kada a tsaya farautar macijin, don garin haka ake samun sara na biyu, kuma ko kan maciji da aka yanke yana iya sara. In akwai salula a ɗauki hotonsa daga nesa, ya isa.

Na biyu, a cire zobe da munduwa da kambu da duk abin da ke ɗaure a gaɓar, tun kafin kumburi ya zo.

Na uku, a sa sanda a jikin ƙafar ko hannun, a naɗe da rawani sako-sako kamar yadda muke yi wa maraƙin da ya karye, don gaɓar ta daina motsi. Kada a ɗaure tamau. Ɗaurin igiya yana hana jini zuwa, ƙafa ta mutu, ƙarshenta a yanke ta.

Na huɗu, ba tsaga, ba tsotsa da baki, ba ƙaho, ba wuta, ba fetur. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan tebur ke sayarwa ranar kasuwa, domin da yawansu suna ƙara zubar jini. In ciwo ya yi tsanani, farasitamol kaɗai.

Na biyar, a ɗauke shi nan take zuwa likita. In a kan moto ne, mutum uku za su hau: mai tuƙi, majinyaci a tsakiya, da mai riƙe shi a baya. In yana amai ko ya galabaita a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi.

In gamsheƙa ce ta fesa wa mutum dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, kada a murza. In ruwa ya yanke a daji, madarar da ke ƙwarya ma tana yi. Sa'an nan a tafi likita a duba idon.

A can likita akwai gwaji mai sauƙi. Sukan ɗibi jini kaɗan su zuba a kwalba mai tsabta, su ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya kama, sai allurar kashe dafi. Ku makiyaya ya kamata ku fi kowa yarda da wannan allura, domin daga jikin dabba ta fito. Doki ko tunkiya ake yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya saba da yaƙarsa, sa'an nan a tace maganin daga jinin. Sai dai kowace allura da irin macizan da aka yi ta dominsu. A wani asibitin karkara na ƙasar Gana, da aka koma amfani da wadda aka yi don macizan Indiya, masu mutuwa sun tashi daga kimanin 2 cikin 100 zuwa 12. Saboda haka fatake, ku da kuke yawon kasuwanni, kada ku sayo kwalba a tebur ku ajiye a jaka. A likita ake yin ta, domin wani jikinsa kan ƙi ta, sai lokotoro na kusa.

Na san za a ce da tsada. Da tsada kam. Amma mu ne muke sayar da bijimi don biki, mu ne muke kwana tafiya neman allura in saniya ta kwanta. Ashe yaron da ke kiwon saniyar bai kai maraƙi ɗaya ba?

Sai kunama. Babba in ta harbe shi, mafi yawa zafi ne na kwana ɗaya. A wanke wurin, a sa tsumma mai ruwan sanyi, a sha farasitamol. Amma yaro ƙarami daban ne, musamman can arewa wajen Agadas da Ingal inda muke kai dabbobi lasar gishiri. Kunamun can, masu siraran hannuwa, suna kashe yara. In an harbi yaro kada a jira alama. In kuwa aka ga gumi na karyo masa, yawu na zuba, yana amai, numfashi na sama-sama, to kowane minti yana da daraja. Ƙudan zuma da rina ma haka: a kankare ƙarin zumar da farce ko bakin wuƙa, amma in fuska ta kumbura, murya ta shaƙe, ko kuwa taron zuma ne ya rufe mutum, sai likita da gaggawa.

Yanzu in zo kan kare, abokin zamanmu a ruga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Muguntar wannan ciwo ita ce, rauni yakan warke a manta da shi. Bayan wata 2 ko 3, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, sai mutum ya fara tsoron ruwa. In ya kai nan, babu lokotoron da ke da magani. Amma kafin nan ana iya tare shi sarai.

In kare ko dila ko kyanwa ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi gyambonsa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ana zuba ruwa ana cuɗawa. Ku duba agogon salula, don minti 15 ya fi yadda kuke zato tsawo. Kada a sa barkono ko toka ko gashin karen. A tafi likita ranar. Allurar rigakafin ba guda ɗaya ba ce, ana komawa bayan kwana 3, da kwana 7, da yadda lokotoro ya rubuta. In garke zai tashi, wanda aka ciza ya tsaya ya cika allurarsa, ya tarar da mu gaba. In karen gida ne a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara allura. Ku gaya wa yara kada su ɓoye cizo don tsoron duka.

Ku kuma sani shanu suna kamuwa. Saniya takan yi ta zubar da yawu, tana kuka da wata irin murya, ta kasa haɗiya. Makiyayi sai ya ce ƙashi ko leda ta maƙale mata, ya zura hannu cikin bakinta. Kada ku yi haka, musamman in an ga baƙon kare ko dila ta shiga garke a kwanakin baya. A ware ta, a kira likitan dabbobi. Fatake, irin wannan dabba ba ta shiga tike, ba a kuma miƙa ta ga mahauta. Maganin abin daga tushe shi ne a yi wa karnuka allura. A Njamena ta ƙasar Cadi, a 2012 da 2013, an yi wa fiye da 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, ciwon ya ja baya ƙwarai. Ranar da muka kai shanu allura, mu riƙa jan karnukanmu mu tambaya.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma ba shi da tsada. Duk mai fita da dare ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya riƙe tocila, sandarsa tana gaba. A share ciyawa kewaye da bukka da turken maruƙa, a nisanta tarin itace da kara. Hatsi a rufe shi, don ɓera ke kiran maciji, kaji kuma kada su kwana inda mutane ke kwana. A kwanta a kan gado cikin sange, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Sangen nan yana tare sauro, yana tare kunama, yana tare maciji. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo. Yara su daina zura hannu a rami ko suri ko kogon itace don neman gafiya da bushiya.

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi nauyi. Garso ba ya tayar da garke sai ya san inda ruwa yake da inda ciyawa take. To daga bana ya haɗa da sanin gidan likita mafi kusa da kowane zango, ya kuma tambaya ko suna da allurar maciji da ta kare, don ba kowane ƙaramin gidan likita ke ajiye su ba. Kowace ruga ta riƙe lambar mai moto guda biyu. A ware ɗan kuɗi ko a nuna dabba ɗaya tun yanzu a ce wannan ta jinya ce, kada sai dare ya raba a fara gardamar wanda zai sayar da tasa. Masu bin burtalin Najeriya su sani a Kaltungo, cikin Jihar Gombe, akwai asibiti na masu saran maciji.

Mu kuma magabata akwai namu aikin. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 ta fitar da shiri na rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Wanda aka yarda ya yi tafiya, ya kamata ya tarar da magani a bisa hanyarsa. Amma hukuma da lissafi take aiki, mu kuwa namu suna mutuwa a daji ba wanda ya rubuta. Don haka duk wanda aka sara ko aka ciza, ya rayu ko ya rasu, ku sanar da wakilin ƙungiya wuri da wata. Da wannan takarda za mu je mu nemi a ajiye allura a gidajen likita na bakin burtali da na kusa da manyan kasuwannin dabbobi.

Ku kai wannan magana ga waɗanda ba su zo ba, tun ba samari da mata masu ɗebo itace ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu lafiya, Ya maido mu da mutanenmu da dukiyarmu cikakku.