Sababbin Hannu da Rubuta Manhaja

A ce matasa huɗu sun samu kwangilar rubuta wa wata makaranta manhajar karɓar kuɗin ɗalibai, kuma duk sababbin hannu ne. Galibi sai su rungumi tsarin Scrum dungurungum, wai shi manyan kamfanoni ke bi: wannan jagoran tsari, wancan wakilin mai aiki, ga taro kan taro. To, wa ya rage zai rubuta manhajar?

Mutum 17 ɗin da suka fitar da sanarwar Agile, wato tafarkin aikin da Scrum ke bi, a Snowbird ta Amurka a 2001 gogaggu ne, sun san abin da za su iya tsallakewa. Ɗan koyo bai sani ba.

Ni dai a ganina, matasan nan su fara da Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, don in wani ya ɓata aiki da daddare, a dawo da na jiya da safe. Su riƙa zama bibbiyu kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa, yadda masanin manhaja Kent Beck ya koyar.

Sannan duk mako su kai wa akawun makarantar abin da suka yi, ya danna da hannunsa. Nan ne zai ce, “Af, ai wasu iyayen rabi suke biya, sai ƙarshen wata su cika.” Gyara wannan a mako na biyu aikin yini ne. A wata na shida kuwa, sai an warware rabin manhajar.