Kare 'Ya'yanmu Daga Shiga Daba: Jawabin Kwamitin Tarbiyya a Taron Shekara



An ɗora wa wannan kwamiti nauyin duba yadda yaran garinmu ke faɗawa hannun 'yan daba. Abin da muka lura da shi shi ne, babu yaron da ke farawa da wuƙa. Da aike ake farawa. Yau a aiki ɗan shekara 12 ya sayo taba ko sholisho, a bar masa canji. Gobe a ba shi ajiyar barandami, tunda ba a cika zargin yaro ba. Jibi a laƙaba masa suna, a rama masa idan an dake shi. Kafin iyaye su farga, ya samu a dabar abin da ya rasa a gida: abinci, kariya da mai sauraronsa.

Wannan cuta ta daɗe. A Kano, daba ta samo tushe daga farauta da tauri, sannan siyasar NEPU da NPC ta shekarun 1950 ta zo da 'yan banga. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, aka ga 'yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi. Zaɓe ya wuce, ɗan siyasa ya kama gabansa, a bar wa unguwa makami da ƙwaya.

Hukuma ta yi nata. An kafa dokar kare haƙƙin yara a 2003, kuma a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma doka ba ta san yaron da bai kwana gida ba. Maƙwabci ne ya sani.

Saboda haka muke roƙon wannan taro ya amince da abubuwa huɗu. Na farko, kowane mai unguwa, tare da limami, ya rubuta sunayen yaran da ba sa makaranta kuma ba sa sana'a. Na biyu, duk ɗan ƙungiya mai sana'a, tela ne ko kafinta ko makaniki, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Na uku, duk ɗan takarar da ya raba wa yaranmu ƙwaya ko makami, mu juya masa baya, ko da ɗan garin nan ne. Na huɗu, yaron da ya tuba mu karɓe shi, domin idan muka rufe masa ƙofa, ta daba a buɗe take.

Iyayenmu, a da maƙwabci kan tsawata wa ɗan maƙwabcinsa a yi masa godiya, yau kuwa sai a kai shi ƙara. Mu dawo da wancan hali, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu lafiya.