Keke, Tafkin Madarunfa, da iyakar da tsoro ya shata mana

 

An ce in yi magana a kan yawon buɗe ido bisa keke, kuma ga wasu can baya har sun fara murmushi. Na san dalili. A garin nan na Maraɗi, in aka ga saurayi bisa keke, ko dai ɗan lakwal ne, ko kuma a ce duniya ta juya masa baya. Kowa burinsa babur, in babu ya tsaida kabu-kabu ko da tafiyar ba ta kai ta shan ruwa ba. To ku ɗan yi haƙuri da ni.

A Faransa, tun 1967 suka fito da tsarin kare wasu yankunan karkara ba tare da an tada mutanen ciki ba. Manomi na nomansa, makiyayi na kiwonsa, amma ba a barin kowa ya ɓata wurin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Morvan, ƙasa mai tuddai da dazuzzuka, wanda aka kafa a 1970. Mutanen birni sukan ɗauki kekunansu su bi ƙananan hanyoyin da mota ba ta cika bi ba, su kwana ƙauye, su ci abincin ƙauye, su bar kuɗinsu can. A bakin kogin Luwar ma akwai hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 900. Kada ku ce abin Turawa ne kawai. Maƙwabtanmu na Burkina Faso tun 1987 suke tseren Tour du Faso, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ya ga uwa da goyo bisa keke, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

Mu fa? Mu ma muna da namu, kilomita 20 da ƴan kai kudu da inda muke zaune yanzu. Tafkin Madarunfa, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kaburburan waliyyai 99. A 2006 ƙasarmu ta sa waɗannan ukun cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. A 2019 aka sa tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya. Idan damina ta yi kyau, ruwan Gulbin Gabi kan cika shi har ya kai wajen hekta 800, rani kuma ya janye ya bar wa masu lambu ƙasa mai laima. Ina so in ga hannu: mutum nawa cikinmu suka taɓa tsayawa bakin ruwan nan? Ku duba da kanku. Ga mu da yawa mun san sunayen unguwannin Dubai.

Ba mu da tuddai irin na Morvan, gaskiya ne. Abin da muke da shi gangare ne daga tudu zuwa fadama, sai hawa in za a dawo, kuma cinyarka za ta faɗa maka akwai shi. Wanga gangare yana da tarihi. Tsohon garin Maraɗi cikin fadama yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau da gari bisa tudu. Wanda ke cikin mota ba ya jin wannan. Mai keke kuwa a ƙafarsa yake karanta shi.

Ni dai na fi son in fita da an sallame asuba, lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kwaltar Ɗan Isa ba ta mai keke ba ce, manyan motocin da ke zuwa iyaka ba su san da kai ba, don haka da na samu dama sai in sauka in bi hanyoyin amalanke. Akwai rairayi, wani wurin dole ka sauka ka tura. Akwai ƙayar aduwa, wadda ba ta jin kunyar sabuwar taya, shi ya sa ba na fita ba famfo da kayan faci. Amma ka isa fadamar Jiratawa rana na fitowa, ka ga zogala kore shar, ga ruwa na bin magudanai, mata na tsinkar ganyen da za a kai kasuwannin birni. Kwaɗon zogalar da kuke saye da yamma, da yawansa daga nan ya taso.

Sannan ku lura da gonaki. Gawo, kalgo, sabara, tsaye cikin gona a tsare, an sassabe su an bar masu ƙarfi. Iyayenmu sun ce a shekarun fari gonakin nan fayau suke. Wajen 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a nan jahar, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba, ashe kututturen icce ne mai rai, saiwarsa na nan ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka ci gaba da abin da manomanmu ke kira sassaben zamani, kuma yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar. Shi an ba shi lambar yabo a 2018, manoman da suka yi aikin da gatarinsu kuwa sai Allah ya biya su. Abin da nake so ku riƙe shi ne, sai da mutumin ya tsaya sannan ya gani.

Bisa keke kana ganin abin da ba shi da daɗi ma. Za ka yi kiciɓis da masu kekuna da amalanke ɗauke da icce niƙi-niƙi sun nufi birni. Iccen da ake dafa mana tuwo ke nan, kuma dajin Baban Rafi ya daɗe yana biyan wannan bashi. Za ka ga gulbi busasshe, tsofaffi su ce maka tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan bai ƙara zama kamar da ba. Masunta a bakin tafki za su nuna maka inda yashi ke cike shi. Waɗannan duk muna rubuta su a Facebook, amma dabam ne ka ji su daga bakin mai tarwaɗa a hannu.

Yanzu ga maganar da kowa ke riƙe da ita a ciki: tsaro. Ba zan ce maku ku hau keke ku nufi Gabi ko bakin iyaka ba, Allah ya kiyaye. Tun wajen 2019 ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan kudu, ana kore shanu, ana ɗaukar mutane don kuɗin fansa, dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako neman mafaka. Wannan ba wasa ba ne. Amma ku dubi abin da tsoro ya yi mana mu ƴan birni. Ya shata mana iyaka a bakin gari, har inda lafiya lau ne mun daina zuwa. Mu muna da zaɓin ƙin zuwa. Malamin makarantar ƙauye da ke tuƙa kekensa kullum, da yarinyar da ke kawo nono, da manomin da gonarsa ke nesa da gari, su ba su da shi. In ana so a san ko zaman lafiya ya dawo, ni ba sanarwar rediyo nake saurare ba. Ina tambaya ne: ina ne ƙarshen inda mutum zai kai bisa keke shi kaɗai ya dawo gida kafin magariba? A da amsar ta wuce Madarunfa nesa.

Don haka ga shawarata. Kada kowa ya tafi shi kaɗai don neman hoto. Mu haɗu mu goma ko goma sha biyar, har da ƴan mata, a nemo masu kekunan aro in ba su da su. Kafin ranar, a aika mutum biyu su gaida mai gari su faɗa masa ga baƙi nan tafe, a sanar da jandarmomi da ma'aikatan gandun daji, a tambayi mutanen wurin wace hanya ce ke da lafiya a wanga mako. In sun ce kada a bi, ba a bi. A kaburbura a shiga da ladabi, wurin ziyara ne. Kada a ɗauki hoton matar mutum ba izini. Kuma don Allah kada mu cika jaka da biskit daga Maraɗi. Kowa ya riƙe jika ɗaya ko biyu, a sayi fura da soyayyen kifi can, a biya yaron da ya nuna hanya, a kwaso ledojinmu a dawo da su.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke, amma mu nan lokacin zafi ne da jiran ruwan shuka, ba zai yi mana ba. Mu sa tamu cikin Disamba, sa'ad da tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suka sauka bisa tafki. Wanda ke da keke a jingine bayan ɗaki ya kai wa mai gyara ya duba birki da sarƙa. Ga takarda nan za ta zagayo, mai so ya rubuta sunansa da unguwarsa.